Jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi: kalamin, kirim, ƙwayar alaji ko maganin makero, wanne ya kamata ka ɗauka?

Duk wanda ƙuraje suka feso masa a jiki ko a jikin ɗansa, abin da ya fara zuwa ransa shi ne me zan shafa, kuma ba ya rasa masu ba shi amsa. Wannan ya ce kalamin, wancan ya ce akwai wani kirim mai ƙarfi da yake share komai cikin kwana biyu, wani kuma ya ce ai ba na waje ba ne daga jini yake sai dai ƙwaya. Kowannensu yana iya yin gaskiya a kan ƙurjin da ya taɓa yi, amma fa ba lallai naka irin nasa ba ne, domin fata abu kaɗan ta iya yi in an dame ta, ta yi ja, ta kumbura, ta yi ƙaiƙayi, ko zufa ce ta jawo ko ƙwaro ko sabulu ko fangas duk kusan kama ɗaya za ka gani a kwanan farko. Shi ya sa maganin da ya warkar da wani yake ƙara lalata na wani.

Abubuwan da nake auna kowanne magani da su

Na farko dai shi ne ya dace da abin da ya jawo ƙurajen ko bai dace ba, in bai dace ba komai ƙarfinsa aikin banza ne. Sai saurin aikinsa da kuma ɗorewa, wato yana kashe tushen abin ne ko kwantar da ƙaiƙayi kawai yake ka daina ya dawo. Sai sauƙin amfani, saboda akwai wanda sau ɗaya za ka haɗiya a rana akwai wanda sai ka shafe jiki kaf ka kuma shafa wa duk mutanen gida. Sai tsada. Na ƙarshe kuma wanda ni a wurina ya fi duka nauyi, in ka yi kuskuren gane ciwon ka shafa shi a inda bai kamata ba, wace ɓarna zai yi? Wannan tambayar ce mutane ba sa yi, alhali mafi yawanmu kintace muke lokacin da muka sayi magani.

Kafin ka taɓa kowanne magani tsaya ka duba fatar da kyau a wajen haske. In fatarka mai duhu ce ba lallai ka ga ja sosai ba, wajen yakan ƙara duhu ne, ko ya yi toka-toka ko ruwan ƙasa, don haka ka sa yatsa ka shafa ka ji tudunsa, ka ji ko da ɗumi. Ka lura a ina ya fito. Ƙananan ƙuraje birjik a wuya da ƙirji da baya da maƙwancin fata bayan an sha gumi, masu ɗan suka-suka, yawanci ƙurajen zufa ne, hanyoyin da gumi ke fita ne suka toshe. Tudu-tudu masu faɗi da suke fitowa nan su ɓace su ɓullo can, kowanne ba ya wuce awa 24 a waje ɗaya, wannan borin jini ne. Zagaye mai kaifin baki, gefensa ya ɗaga yana ɓarewa tsakiyarsa kamar ta warke, yana ƙara faɗi a hankali, makero. Ƙaiƙayin da yake hana barci da daddare, a tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya da kugu da al'aura, kuma ba kai kaɗai kake sosawa a gidan ba, to ka fara zargin ƙazuwa. Fata ta bushe ta yi kaushi a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, yana lafawa yana tashi wata da watanni, ekzima. Wanda kuma ya fito daidai inda wani abu ya taɓa, ƙarƙashin agogo, wajen ɗan kunne, inda kan bel yake gogar ciki, ko bayan an canja sabulu ko turare ko rinin gashi, to fatar ce ba ta shiri da abin.

Sanyaya wajen da man da ba ƙamshi

Mutane suna raina wannan saboda ba ya kama da magani, amma shi ne kaɗai zaɓin da kusan ba inda zai cutar. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan sanyi a ɗora minti 10 zuwa 15, wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ba mai zafi ba, a rage sabulu, a daina dirza da soso, a sa kaya marasa matsewa na auduga, a yanke farce. Ruwan zafi yana da daɗi a kan ƙaiƙayi, na sani, kana zubawa kana jin kamar an sosa maka har cikin rai, amma yana wanke maiƙon fata ya bar ta a bushe, bayan awa ɗaya ƙaiƙayin ya dawo ya fi na da.

Ƙurajen zufa yawanci wannan kaɗai ya ishe su, cikin 'yan kwanaki suke bajewa in jiki ya samu iska. Sai dai a nan kar ka lafta mai mai kauri irin Vaseline, zai ƙara toshe hanyar gumin. A ekzima kuwa man shi ne ginshiƙin maganin gaba ɗaya, a shafa da yawa, sau biyu ko fiye a rana, musamman da an fito daga wanka fata da sauran danshi, kuma a ci gaba ko bayan an samu sauƙi. Araha ne, sai dai yana son naci. Rauninsa shi ne ba ya kashe komai, in ƙazuwa ce ko makero za ka yi wata kana shafawa abin yana yaɗuwa.

Kalamin

Ruwan nan mai launin hoda da ake girgizawa kafin a shafa. Mafi yawan abin da ke ciki sinadarin zinki ne da ɗan ƙarfe kaɗan da ya ba shi launin. Aikinsa in ya bushe a jiki yana sanyaya wajen ya rage ƙaiƙayi ya kuma tsane ƙurajen da suke ɗan fitar da ruwa. Ya dace da ƙurajen zufa, cizon ƙwari, da ƙarambau. Ba shi da tsada, yara ma suna iya amfani da shi, haɗarinsa kaɗan ne, kawai a kiyaye ido da baki da buɗaɗɗen ciwo. Inda ba ya yi shi ne fatar da dama a bushe take, in ka shafa wa mai ekzima zai ji sanyi na ɗan lokaci sannan fatar ta ƙara bushewa ta tsage. Sauƙin da yake bayarwa na 'yan awanni ne sai an maimaita, kuma yana ɓata kaya.

Kirim mai sitiroyid

A nan zan daɗe, saboda a nan ne alheri ya fi yawa kuma a nan ne ɓarna ta fi yawa. Sitiroyid na shafawa yana kwantar da kumburi da ja da ƙaiƙayi ta hanyar danne garkuwar jiki a daidai wajen da aka shafa. Tun 1952 aka fara amfani da haidirokotizon a fata, kuma har yau ana amfani da shi wajen ekzima da ta tashi, ko fatar da ta yi fushi da sabulu ko ƙarfe, ko cizon ƙwaro da ya kumbura. Mai kaso 1 cikin 100 shi ne mai sauƙin ƙarfi, ana shafawa sau ɗaya ko biyu a rana, siriri, kuma in ba likita ne ya ce ba kar a wuce kwana 7. Yadda ake auna shi, ka matso kirim ɗin daga kan ɗan yatsanka manuni zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, ya isa shafe waje mai faɗin tafin hannun babba guda biyu. In kana haɗawa da mai, ka bar tazarar kamar rabin awa tsakaninsu. Fuska, gefen ido, al'aura, da jikin ƙananan yara, waɗannan sai da shawarar ma'aikacin lafiya domin fatar wajen siririya ce tana shan maganin da yawa.

Amma sitiroyid ba ƙarfinsu ɗaya ba. Bitametazon da ke cikin Betnovate ya fi haidirokotizon nesa ba kusa ba, kulobetasol da ke cikin Dermovate kuma ya ninka haidirokotizon sau ɗaruruwa. Waɗannan na likita ne, an yi su don ciwo mai taurin kai na ɗan taƙaitaccen lokaci. Wanda ya mayar da su man shafawa na kullum fatarsa takan yi siriri har jijiyoyi su fito, nanƙarwa ta tsattsage ta wadda ba ta gogewa, wajen ya yi fari dabbare-dabbare, fuska ta cika da ƙuraje, in ya daina kuma fatar ta ɗauki zafi da ja kamar an ƙona ta, sai ya koma ya ci gaba da shafawa. A jarirai da wanda ya shafe babban ɓangaren jiki maganin yana iya shiga jini ya taɓa aikin jiki gaba ɗaya.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne abin da yake faruwa in aka shafa sitiroyid a kan makero ko ƙazuwa. Kwana biyu na farko za ka rantse ka samu magani, jan ya tafi ƙaiƙayi ya lafa, alhali garkuwar da take yaƙar fangas ɗin ce ka kwantar, shi kuwa ya samu fili yana ta yaɗuwa a ƙasa. Ka daina ya dawo ya ninka faɗinsa, kuma zagayen nan da ake gane shi da shi ya ɓace, har likita ma sai ya kankari fatar ya duba a madubin asibiti kafin ya gane. Irin kirim ɗin nan da ake haɗa abu uku a bututu ɗaya, sitiroyid mai ƙarfi da maganin fangas da antibayotik, shi ya fi jawo wannan, domin ana sayar da shi da sunan komai da ruwanka, mutum ya ga ai ko mene ne ɗaya daga cikin ukun zai kama. A Indiya yawan amfani da irinsa yana cikin abubuwan da likitocin fata suke dangantawa da ɓullar wani nau'in makero da ba ya jin maganin fangas mai suna tabinafin, wanda ya fara bayyana a wasu ƙasashen, har a Amurka an ba da rahotonsa a 2023. Ni dai in ba ka san abin da ke jikinka ba, wannan bututun shi ne na ƙarshe da zan ce ka ɗauka, ko da shi ne mafi araha a kan kanta.

Ƙwayar alaji

Setirizin, loratadin, da tsohuwar nan kulofeniramin da aka fi sani da Piriton. Suna tare wani sinadari da jiki yake saki mai suna histamin, shi ne yake sa fata ta taso tudu-tudu. Saboda haka a borin jini su ne sarki, kirim bai cika amfani ba tunda kafin ka gama shafa nan ya koma can. Babba yana shan setirizin ko loratadin miligiram 10 sau ɗaya a rana, ba su cika sa barci ba ko da yake setirizin yana ɗan kasalar da wasu. Piriton miligiram 4 ne duk awa 4 zuwa 6, yana sa barci sosai, don haka ba na mai tuƙi ko mai aiki da inji ba ne, tsofaffi ma yana iya rikita su. Na yara gwargwadon shekaru ne, jariri kuwa kar a ba shi sai an tambaya. Suna da araha, ba wahalar sha, in ka yi kuskuren ciwo ma ba sa ɓoye shi kamar sitiroyid. A ekzima da ƙazuwa ba sa yin wani abin kirki ga ƙurajen kansu, iyakacinsu mai sa barcin ya taimaka a samu rintsawa. Borin jinin da ya wuce mako 6 yana zuwa yana dawowa ya kamata a je a duba.

Maganin fangas

Kulotirimazol mai kaso 1 wanda Canesten yake cikinsu, mikonazol mai kaso 2, da tabinafin mai kaso 1 wato Lamisil da ire-irensa. Na makero ne, da ƙaiƙayin matsematsi, da cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, da kyasbi, da jan da yake fitowa a ƙarƙashin nono ko hammata inda danshi yake zama. Ba shi da saurin nuna aiki, nan ne mutane suke gajiya. Kulotirimazol sau 2 zuwa 3 a rana, mako 2 zuwa 4, kuma a ci gaba kamar mako biyu bayan wajen ya yi kamar ya warke, a riƙa wuce bakin zagayen kaɗan wajen shafawa. Tabinafin ya fi sauri a makero, mako 1 zuwa 2 yakan isa, amma yakan fi tsada. Kyawunsa in ya yi aiki ya yi kenan, tushen ya mutu, sai dai in an sake ɗauka daga tawul ko mataji ko dabbar gida. In kuma ka shafa shi ashe ba fangas ba ne, asararka kuɗi da lokaci ce kawai, da wuya ya ɓata fata. Abu ɗaya, makeron kai da yake cinye gashin yara kirim ba ya kai wa gindin gashin, dole sai maganin sha irin su girisiyofulbin na makonni daga hannun likita.

Maganin ƙazuwa

Ƙazuwa wani mitsitsin ƙwaro ne yake haƙa rami a saman fata ya yi ƙwai a ciki, kuma ba ruwanta da tsabtarka, haɗa jiki da shimfiɗa ne yake yaɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, kuma ta ƙiyasta aƙalla mutum miliyan 200 suna ɗauke da ita a kowanne lokaci. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara sosawa, a wannan tsakanin kuma yana rabawa, wannan shi ne dalilin da ake cewa kowa a gidan ya yi maganin rana ɗaya, mai ƙaiƙayi da wanda bai fara ba.

Fametirin mai kaso 5 shi ne zaɓin farko. Ana shafe jiki duka daga wuya zuwa tafin ƙafa, ba inda ƙuraje suke kaɗai ba, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce da cibiya da tsakanin ɗuwawu, a jarirai da tsofaffi har fatar kai, a kwana da shi awa 8 zuwa 12 sannan a wanke, in an wanke hannu a tsakani a sake shafa wa hannun, bayan kwana 7 a maimaita. Kaya da zanin gado a wanke da ruwa mai zafi sosai, wanda ba ya wankuwa a ɗaure a leda aƙalla kwana 3 tunda ƙwaron ba ya daɗewa a raye in ba jikin mutum. Benzil benzowet mai kaso 25 ya fi araha kuma yana aiki, amma yana da raɗaɗi a fatar da aka sosa, yara sai an sirka musu. Akwai man farar wuta, yana da wari da ɓata kaya amma ana amfani da shi ga jarirai ƙanana. Aibamektin na sha likita ne yake rubutawa, ba a ba mai ciki da ƙananan yara. A duk zaɓin nan wannan ne ya fi wahala kuma ya fi cin kuɗi saboda gida guda za ka yi wa, amma in ƙazuwa ce babu wata hanya. Ka kuma sani ƙaiƙayin yana iya kai mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu, kar ka ɗauka maganin bai yi ba ka yi ta maimaitawa har fatar ta ƙone, a wannan lokacin ne mai da ɗan haidirokotizon suke da amfani.

Antibayotik

Wannan gajere ne. Sai in bakteriya ta shiga, alamarta mugunya, ɓawo mai launin zuma musamman gefen hanci da bakin yara, zafi da kumburi da suke ƙaruwa. In ɗan waje ne ana ba da na shafawa irin mufirosin na kusan kwana 5, in ya bazu ko da zazzaɓi sai na sha, kuma duka biyun ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya zaɓa. Ƙurajen zufa, borin jini, makero, ƙarambau, babu wanda antibayotik yake warkarwa, kuma shi kansa yana cikin magungunan da suka fi jawo ƙuraje.

| Zaɓi | Inda ya dace | Saurin aiki | Tsada | Wahala | In an yi kuskure |
|---|---|---|---|---|---|
| Sanyi da mai | ƙurajen zufa, ekzima, ko wanda ba a gane ba | a hankali | araha | naci kullum | ɓata lokaci kawai |
| Kalamin | zufa, cizon ƙwari, ƙarambau | nan take, na ɗan lokaci | araha | sauƙi | yana busar da fata |
| Haidirokotizon | ekzima, fushin fata, cizo | kwana 1 zuwa 3 | matsakaici | sauƙi | yana ɓoye makero da ƙazuwa |
| Sitiroyid mai ƙarfi ko haɗin uku | sai likita ya ce | sauri sosai | ya bambanta | sauƙi | ɓarna mai daɗewa |
| Ƙwayar alaji | borin jini | cikin awa 1 zuwa 2 | araha | sauƙi | barci, kasala |
| Maganin fangas | makero, cin ruwa, kyasbi | mako 1 zuwa 4 | matsakaici | naci | da wuya ya cutar |
| Fametirin da ire-irensa | ƙazuwa | makonni kafin ƙaiƙayi ya ɗauke | tsada, gida guda ne | wahala | raɗaɗi, bushewar fata |
| Antibayotik | ƙurji mai mugunya | kwana 2 zuwa 3 | ya bambanta | matsakaici | alaji, ƙwayar cuta ta daina jin magani |

Inda duk wannan kwatancen ba ya aiki

Akwai ƙurajen da ba a tsayawa zaɓen kirim, asibiti ake nufa a lokacin. Borin jini da ya zo da kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi sama-sama ko jiri. Zazzaɓi da ɗigo-ɗigon ja ko baƙi waɗanda in ka danna gefen kofin gilas a kai ba sa dusashewa, musamman da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a duhun fata ka duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido, yana iya zama sanƙarau ko guba a jini. Ƙurajen da suka biyo bayan fara sabon magani da kwanaki ko 'yan makonni, fata tana zafi tana salewa, baki da ido da al'aura sun yi gyambo, Septrin da wasu magungunan farfaɗiya irin kabamazafin suna cikin waɗanda aka sani da wannan, a tsayar da maganin a tafi da kwalinsa a hannu. Yaro mai zazzaɓi da tari da jan ido sannan ƙuraje suka faro daga fuska suka gangaro, ƙyanda ce ake tsoro, a ware shi daga sauran yara a kai shi a duba. Ƙuraje masu ruwa da suka jeru a gefe ɗaya na jiki da zafi mai tsanani, maganinsu ya fi aiki in an fara cikin awa 72. Jaririn da bai kai wata 3 ba in da zazzaɓi, ko wane iri ne ƙurjin. Mai ƙarambau kuma farasitamol ake ba shi, yaro ba a ba shi asfirin, aibufirofen ma an fi so a kauce masa.

To wanne ne naka

In jariri ne ko yaro da ƙananan ƙuraje bayan gumi kuma yana wasa yana cin abinci lafiya, rage masa kaya, wanka da ruwa mai sanyi-sanyi, kalamin in yana sosawa, ya isa. In wajen nafkin ne ya yi ja, a yawaita canjawa a bar wajen ya sha iska a shafa kirim mai zinki, in jan ya shiga har cikin maƙwancin fata da ƙananan ɗigo a gefe kuma ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki, yawanci fangas ne ya hau sai kulotirimazol. Uwa mai yaro da ekzima, kuɗinki ya fi tafiya a babban gwangwanin mai marar ƙamshi, sitiroyid na ranakun da ta tashi ne kawai, kuma kar tsoronsa ya sa ki bar yaro yana sosawa har jini, in an yi amfani da mai sauƙin ƙarfi yadda aka tsara ba ya ɓata fata. Wanda abu ya taɓa ya tayar masa, ya fara cire abin tukunna sannan haidirokotizon na 'yan kwanaki, in bai cire ba ko bututu nawa ya ƙarar zai dawo. Mai tudu masu yawo, setirizin ko loratadin da rana. Mai zagaye, maganin fangas zalla wanda ba a haɗa shi da komai ba, ka karanta jikin kwalin ka tabbatar babu bitametazon ko kulobetasol a ciki. Gidan da mutum biyu ko uku suke sosawa da daddare, fametirin ga kowa rana ɗaya.

Wanda kuma ya duba ya duba bai gane ba, kuma babu ko ɗaya daga alamun haɗarin can, ya tsaya a kan sanyi da mai marar ƙamshi da ƙwayar alaji in ƙaiƙayi ya dame shi, ya ɗauki hoton wajen a waya kullum a haske iri ɗaya, ya zagaye bakin jan da biro don ya ga ko yana faɗaɗa. In mako ɗaya ya wuce babu sauƙi, ko yana ƙaruwa tun kafin nan, ya je wajen likita da hotunan da duk wani bututu da ya riga ya shafa, saboda abin da aka shafa yana canja kamannin ƙurji kuma likitan yana buƙatar ya sani kafin ya rubuta komai.